Jan Biron Alhaji Sharfaddeen

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, Alhaji Hadi, limaminmu Malam Ibrahim Khalil, Allah ya gafarta Malam, dattawanmu na Kano, 'yan'uwanmu na Nijar da na Gana, iyayenmu mata, da duk wanda ya bar cinikinsa a kasuwar Guangyuan ya zo addu'ar bakwai ɗin ɗan'uwanmu Alhaji Sharfaddeen, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Na gode wa waɗanda suka wanke shi, na gode wa waɗanda suka sallace shi, na gode wa waɗanda suka sha zirga-zirgar takardu har aka kai shi makwancinsa.

Ni Ilu, abokin ɗakinsa shekara goma sha ɗaya, ni kuka ɗora wa ƙiyasta kayan da ya bari kafin a raba gado. Kayan sito ba su ba ni wuya ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne waɗannan kundaye shida da ke gabana.

Na farko, mene ne su? Tsofaffin littattafan zane ne na mutanen ƙasar nan, 'yan mitsi-mitsi kamar tafin hannu, hoto a sama, labari a ƙasa. Wasunsu sun girme ni. Da su marigayi ya koyi yaren China, ina yi masa tsiya, ina cewa gandamemen alhaji da gemu yana karatun yara. Ƙaninsa ya bugo daga Kano, ya ce ya ji irinsu kuɗi ne masu kauri, a sayar a raba. Bai yi laifi ba, haƙƙin magada ne.

Na biyu, abin da masu sana'ar suka ce. Mutum uku na kai wa. Na ukun, wani tsoho a unguwar Tianhe, ya sa safar hannu, ya buɗe, ya duba, sannan ya ce wa tafintana, "Wa ya ɗinke su?" Ya nuna mini inda aka datse gefen takardu don su daidaita, inda aka cire bangon asali, inda allura ta huda. Ya ce da a warware suke, kowanne da bangonsa, da guda biyar kaɗai daga tarin ƙananan littattafan da aka haɗe a kundayen sun sayi mota. Na ce, "Lawban, maigida, yanzu fa?" Ya ce, "Meyo." Babu. Duka shidan yuwan ɗari uku, shi ma albarkacin fatar da aka rufe su da ita.

Na uku, kuma nan ne ciwon: ni na sa ya ɗinke su. Ni, da bakina. Na ce, "Alhaji, damshin garin nan zai cinye su. A gida, littafin da ake girmamawa ɗinke shi ake yi a sa masa fata." Ni na tafi da su Kano, ni na kai wa baduku, ni na dawo da su ina taƙama. Wallahi girmamawa na nufa, ashe dukiyar marainiyar da ya bari nake sa wa wuƙa. Ina roƙon magada su yafe mini, ku kuma ku shaida na roƙa.

Na huɗu, tsohon nan ya sami wani aibin: an yi rubutu a ciki. Jama'a, ƙarƙashin kowane hoto marigayi ya rubuta labarin da Hausa, da jan biro, saboda 'yarsa Firdausi mai shekara tara da ke Kano. Duk Juma'a in mun dawo daga masallacin Huaisheng sai ya kira ta, ya haska mata hoto a waya, ya karanta mata. Da kundayen sun yi tsada, dole a sayar. Tunda ba su kai kuɗin shadda ɗaya ba, Malam ya ce za su shiga rabon yarinyar ba tare da an cuci kowa ba, ƙanin marigayi kuma ya amince. Alhamis za su bi kwantena.

Jiya na kira in yi mata gaisuwa. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba Ilu, mai kwale-kwalen nan ya haye kogin?" Na buɗe kundi na shida. Jan biron ya tsaya a shafin da jirgin yake tsakiyar ruwa. Saura shafi goma sha huɗu, ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina tsiya, ko harafi ɗaya ban koya ba. Na ce mata, "Zan tambayo miki."

To, na tambaya. Ga kundin, ga bironsa. Duk wanda Allah ya hore wa karatun ƙasar nan, don Allah, don Annabi, ya tsaya bayan fatiha ya ƙarasa mana fassarar, kada littafin nan ya isa Kano da mutum a tsakiyar ruwa.

Allah ya jiƙan Sharfaddeen, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunta. Allah ya raya Firdausi, ya ba mahaifiyarta haƙuri. Mu da muka saura, Allah ya mayar da mu ga 'ya'yanmu da ƙafafunmu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Na gode.