Shagon da Ya Faɗa Ruwa

A bencin mai gyaran waya, wata mai sayar da yadi da wani dattijo mai ɗinkin takalmi suna jira.

"Baba, ba waya ce ta faɗa ruwa ba, shagona ne. Duk kwastomomina suna ciki. Ko mun haɗu a hanya ba zan gane su ba."

"Kin ga illar abin, 'yata. Ni nawa, har girman ƙafar kowa na sani."

"To me ya kawo ka nan?"

Ya ciro sabuwar waya, ko ledarta ba a ɓare ba.

"Sun tsufa, sun daina kashe takalmi. 'Ya'yansu kuwa an ce suna cikin nan. Na zo a nuna min ƙofa."