A Samo wa Baba Tafinta Sa'ansa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu masu daraja, jami'ar ofishin shige da fice da ta amsa gayyatar ƙungiyarmu, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, barkanku da zuwa.

Ku yi mini afuwa. Yarinya kamata ba ta isa tsayawa gaban manya ba, kuma wannan jawabi sai da na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama. Baba, na hango ka can baya kusa da ƙofa. Kai ma ka yafe mini.

Mahaifina mai gyaran firji ne. Ni ce 'yar farinsa. Na biyo shi ƙasar nan domin a yi mini aikin ido, na zauna na shiga makaranta. Umma da ƙannena biyu har yau suna gida.

Abu na farko: duk abin da aka ce a kawo domin su zo, mun kawo. An ce shaidar albashi, mun kawo. An ce ɗakinmu ya yi kaɗan, muka koma mai ciki biyu. An ce a gwada lafiyarsu, aka gwada; kafin a duba sakamakon wa'adinsa ya wuce, aka sake gwadawa.

Abu na biyu shi ne ya tsayar da ni a nan. Aka ce a tabbatar auren na gaske ne. Jama'a, ga ni tsaye da ƙafafuna, amma hoto ake so, su biyu riƙe da hannun juna! Muka zazzage akwati, hoto ɗaya muka samu: Umma a wannan gefe, Baba a wancan, tsakaninsu kawu da goggo da tarin yara. Aka ce a kawo saƙonnin waya. Ga saƙonnin iyayena: "Kun tashi lafiya?" "An gyara famfon?" "Tarin yaron ya lafa?"

Sai ranar ganawa. Kujerun ƙarfe manne da ƙasa, gilashi tsakaninmu da ma'aikaci, ni ce tafinta tunda ni ke jin yaren ƙasar nan. Ma'aikacin ya ce, "Tambaye shi, me ya fi so game da matarsa?" Na fassara ina kallon takalmina. Baba ma ya kalli nasa, ya ce, "Ce masa tana da haƙuri." Ma'aikacin ya ce, "Shi ke nan?" Baba ya ce, "Tana da haƙuri ƙwarai." Ma'aikacin ya ce, "Da wane suna yake kiranta in suna su biyu?" Baba ya ce, "Ke, wannan ba shi da iyaye ne?" Wannan kam ban fassara ba. Daga baya amsa ta zo: ba su gamsu akwai shaƙuwa ba.

A bas muna komawa, yana kallon taga, ya ce, "Da ba kya wurin, da na yi musu bayani." Na ce, "Wane bayani, Baba?" Ya ce, "Kin ga irinta ko!"

Ranki ya daɗe, ba mu ce ku daina bincike ba. Amma mutumin da ko sunana ba ya kira saboda ni ce ta fari, ta yaya zai yabi matarsa ta bakina? Kunya ce kuka gani, kuka rubuta rashin ƙauna.

Abu na uku roƙo ne. An ba mu ganawa ta ƙarshe. Idan ta lalace, komai zai koma farko, autarmu kuwa a waya kaɗai ta san mahaifinta. Ina roƙon ƙungiya ta samo wa Baba tafinta dattijo, sa'ansa, kuma ina roƙon ofis ya yarda da shi. Ni zan zauna a waje in riƙe masa jaka. Ba na son sanin abin da zai faɗa, so nake kawai ya faɗa.

Idan ban wuce iyaka ba, ina neman izinin shugaba in sake rubuta wani jawabin, na godiya, ranar da Umma za ta zauna a cikinku.

Allah ya haɗa kowa da iyalinsa, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Na gode.