Tozon da Nake Kai wa Matata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina fama da jama'a? Sunana Garba, mahauci daga Janbako.

Matata ta samu cikin fari. Mu a gidanmu ba a faɗin ciki sai ya fito, don haka ba ta je awo ba. Ni kuwa don murna, kullum sai in ware mata tozo, Inna mahaifiyata ta ƙara mata man shanu a tuwo. Tana ƙiba, muna cewa ciki ya karɓe ta.

A wata na shida ƙishirwa da yawan fitsari sunka dame ta, munka tafi asibiti a Talata Mafara. Likita ta ce ciwon suga ne na masu ciki. Ta ce, "Malam, da kun zo tun watannin farko, da yawan kitse a jininta ya sa mun yi hattara. Yanzu sai a daina ba ta tozo da man shanu."

Wallahi hankalina ya tashi. Inna kuwa ta ce ba likitar da za ta sa jikanta yunwa.

Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan yi da mahaifiyata? Yau ma na tarar ta kai wa matata romon tozo a ɓoye.