Zanzaro Ne Ya Rama Mani

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana na zumuntar maza. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban iya kwana-kwana ba. Abin da ya same ni zan faɗa, wanda ya ji haushi ya ji.

Kun san ni da tari. Ana tsakiyar wa'azi sai in fita waje don kada in dame ku. A wurin narka dalma na Danladi, wan matata Saratu, can hanyar Dabai, na samo shi. Gwangwanaye da tsofaffin kayan inji muke narkarwa, mu zuba su dunƙule-dunƙule, wani kamfani a Legas ya saya ya kai Turai. Da me muke hura wuta? Tsofaffin tayoyi da baƙin mai. Ni ne a bakin murhu. In na tofa miyau, baƙi ƙirin.

Wanga Danladi, a gonar ubansa na yi golmo, wato noman neman aure, kafin a ba ni Saratu. Ina noma, yana makaranta. Shi na koma ina ce wa Oga.

Sai Turawa suka kafa doka: dalmar da za a shigar ƙasarsu, sai an faɗi gaskiyar irin wutar da aka narka ta da ita, a biya kuɗin hayaƙin. Kamfanin ya ce zai turo mutane su gani da idonsu. Danladi ya sayo murhun gas sabo fil ya kafa a gaba, ya shafe bango da farar ƙasa, aka kwashe tayoyi zuwa bayan katanga. Ranar da baƙi za su zo ya kira ni.

"Bitrus, yau ka zauna gida."

"Laifin me na yi, Oga?"

"Wannan tarin naka kamar tsohon janareta, shi zai tona mana asiri."

Baƙi suka zo, aka kunna musu gas, suka ɗauki hoto, suka tafi. Washegari aka koma kan taya. Ni kuwa aka ce kada in ƙara dawowa. Hayaƙin da Bature ke tsoro daga ƙetaren teku ni na shanye shi da ƙirjina, kuma ni ne abin ɓoyewa!

Na kwanta, 'yan'uwa. Saratu ta je wurin wanta tana kuka, ya ce mata sigari ne ya gama da ni. Ni da ko karansa ban san ɗanɗanonsa ba!

Wata Lahadi, kuna nan kuna waƙa, na sayi fetur a jarka na ɗaure bayan mashin. Na ce tunda wuta yake so, yau zai ƙoshi. Ban kai ba tari ya sarƙe ni, na tofa, na ga jini. Na zauna gindin ɗorawa na ce, "Ubangiji, an koya mana ramuwa taka ce. To, ga Danladi na ba ka. Amma ka san ba ni da numfashin jira. Ka yi da sauri, in gani da idona."

Ba addu'a ce mai kyau ba, amma ita ce da ni. Na juya gida. Fetur ɗin a tanki na zuba shi.

Bayan damina baƙin suka dawo ba sanarwa, ran kasuwa, ba a hura wuta ba. Ayuba, wanda aka sa a gurbina, shi ya ba ni labari. Danladi ya rantse musu kullum da gas yake aiki. Matar da ke jagorantarsu ta ce, "To, Oga, kunna mu gani."

Aka buɗe gas, aka ƙyasta ashana. Shiru. Aka sake. Shiru! Da suka leƙa, zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a kowane rami na murhun, wasu har 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun tashi. Zanzaro na gini inda ake wuta kullum? Matar ta zagaya bayan katanga, ta tarar da tarin wayar tayoyin da aka ƙona. Daga ranar kamfanin bai ƙara sayen ko dunƙule ɗaya a hannunsa ba.

Halleluya! Na yi dariya har Saratu ta ce, "Baban Rahila, ɗan'uwana ne fa." Na ce na sani, shi ya sa take da daɗi. Sai daga baya na lura: na yi dariyar duka ban yi tari ba. Korar da ya yi mani ita ta raba ni da hayaƙi, maganin asibiti ya samu wurin aiki.

Ku duba fa. Da na cinna wutar nan, da ɗakin zanzaron ya ƙone tare da murhun. Da yanzu ina gidan yari, Danladi yana yawo ana yi masa jaje.

Kwanan baya ya zo gidana, wai "Suruki, a manta da baya." Na ba shi ruwa. Kujera ban ba shi ba. Fasto ya ce in yafe, ina kai, ku taya ni da addu'a.

Na gode wa Yesu da ya mayar mani da numfashi, ya kuma riƙe hannuna. Kai da ke zaune nan da jarkarka a zuci, ajiye ta, ka dogara gare shi. Yana da ma'aikatan da ko ashana ba sa riƙewa. Amin.