Yashi a Cikin Akwati

Wendell Pruitt ya shimfiɗa taswira a teburin shan kofi na gidan mai, gaban wani tsohon makiyayi, Orval.

"Baba, an ce ka san inda jirgin yaƙin nan ya faɗi a kan tsauni, shekara arba'in ke nan."

Orval bai ɗago kai ba. "Kai ma da na'urar neman ƙarfe ka zo? Bara wani ya ɗauke kujerar matuƙin, tana falonsa yana nuna wa baƙi."

"Matuƙin mahaifina ne. Ko ƙusa ɗaya na samu na kai kabarinsa a Ohio, ta ishe ni."

"Kabari!" Tsohon ya yi tsaki. "Ni na sauko da akwatunan gawar a kan alfadarai. Kwana biyu sojoji suka yi suna neman gawarwakin, ƙanƙara ta kore su. Yashi suka zuba a ciki don a ji nauyi."

Wendell ya ce, "Wato yashi uwata ta shekara talatin tana kai wa furanni?"

Orval ya ji haushin bakinsa. "Da ƙanƙarar ta narke na koma ni kaɗai. Na tattara gawarwakin mutanen jirgin, su tara, na rufe da duwatsu. Ban iya bambance naka da na wani ba."

"To kai ni wurin, Baba. Don Allah."

"Ka je ka ɗauki hoto, gobe masu tono su bi sawunka?" Ya ture taswirar. "Ba zan kai ka ba."