Kirgi Tara Ba Lamba

A kasuwar shanu ta Azare, Malam Ya'u ya zauna inuwar tsamiya kusa da wani dattijon Bafillace da bai san shi ba.

"Malam, ka ji labarin mai allurar shanun nan?" in ji dattijon. "Ya kashe shanu tara a Disina, an dakatar da shi daga aiki. Allah ya ƙara!"

"Na ji, Baffa. Wata biyu yana zaune a gida. Amma jiya aka gama bincike."

"An kore shi ke nan?"

"Ina! Ai duk saniyar da ya yi wa allurar cutar bushiya sai ya ɗana mata ƙarfe mai zafi a cinya. Da aka tsare shi da tambaya, cewa ya yi a kawo fatun mushen. Aka shimfiɗa kirgi tara gaban Baturen dabbobi, ko ɗaya babu lamba. Ashe mai garken ɓoye su ya yi a fadama don tsoron allura, cutar ta bi su can."

Dattijon ya murza sandarsa.

"Fadama dai? Subhanallahi. Ni ma akwai goma sha ɗaya da na kai can."

Malam Ya'u ya miƙe, ya kaɗe rigarsa yana murmushi.

"To, koro su gobe da hantsi, Baffa. Ni ne makashin shanun. An mayar mini da ƙarfena, kuma da naka zan fara."