Na Ɓoye Ciwon Ladi Don Kada Shaidata Ta Lalace

Zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda bai biye wa wautata ba.

Yau da fushi na tsaya a gabanku. Ku yi haƙuri da ni.

Bara 'yata Ladi ta kwanta da ciwon ciki, likita ya ce afendis ne. Ba a yi mata tiyata ba, allurai da ƙarin ruwa kawai, ta warware. Ranar sallama ya ce mini, "Maman Ladi, abin nan yana ciki har yanzu, yana iya sake tashi. Ko yaya ta ji ciwo a gefen dama, ki dawo da ita."

Na ji shi sarai. Amma da na zo nan ba da shaida, sai na yanke wannan maganar. Na ce Ubangiji ya warkar da ita ba wuƙa. Kuka rangaɗa guɗa, muka yi rawa.

Bayan wata bakwai Ladi ta dawo daga makarantarsu a Samaru tana tafiya a duƙe, ta yi amai a bakin ƙofa. Na ruga unguwar Jushi wurin wata uwa a cikinmu, ba zan kira suna ba. Ta ce, "Haba 'yar nan! Da bakinki kika ce ta warke. Yanzu ki koma asibiti a ce Allah ya yi rabin aiki? Shafa mata man zaitun, ki yi shiru."

Na kuwa yi shiru! Kwana biyu cur! Ina gasa mata ciki da ruwan zafi, babanta yana ƙauye wurin girbi, ko kiransa ban yi ba. Ba sunan Allah nake karewa ba, kunyarku nake ji.

Rana ta uku da safe ina durƙushe ina addu'a, sai Ladi ta ce, "Mama, in kin gama ki kai ni. Ba zan gaya wa kowa ba."

Wayyo Yesu! Yarinya tana mutuwa tana rufa mini asiri! Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini." Ko amin ban tsaya cewa ba, na tare keke napep sai asibitin Shika.

Ashe afendis ɗin ya riga ya fashe. Aka yi tiyata, ta yi mako biyu a kwance. Ga ta can a bencin baya, da ranta. Yabo ga Ubangiji!

Uwar nan na ce na yafe mata, amma zuciyata ba ta huce ba tukuna, ku sa ni a addu'a.

Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa, shi ya ba likita hannu. In akwai wadda ta bar mara lafiya a ɗaki saboda bakin mutane, ta ɗauki jakarta ta tafi yanzu. Mu za mu ƙarasa waƙar.